Takardar da Baba Bai Rubuta Ba

Tun da aka dawo daga maƙabarta har aka yi addu'ar uku, ban ji kalmar da ta yawaita a ƙofar gidanmu kamar kalmar takarda ba. Mutum zai sauko daga babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma, a yi fatiha a shafa, sai ya ɗago ya dube mu ya ce, "Malam shi ya rubuta min takarda." Wani ko sunansa ba ya faɗi, balle garinsu. A ganinsa ya gama gabatar da kansa ke nan.

Mahaifinmu malamin makaranta ne. Ya yi hedimasta, ya shugabanci sakandare a ƙauyukan Zurmi da na Shinkafi, da ya yi ritaya ya dawo gidansa na Ƙaura. Takardar da suke nufi ita ce takardar shaida, wadda malami ke rubuta wa ɗalibi a haɗa da fom idan zai nemi kwaleji ko tallafin karatu. Mun san yana rubutawa, a gabanmu ake yi. Abin da ba mu sani ba shi ne yawan mutanen da suka riƙe abin a rai har suka yi furfura.

Mutanen Birnin Tsaba da sassafe suka iso, don su samu su juya kafin hanya ta yi shiru. Na Badarawa suka cika motar haya guda. A cikin gida wata ma'aikaciyar asibiti, wadda ba wanda ya san ta, ta yi ta kuka har gwaggonmu ta ce mata, "Ke baiwar Allah, ki rage muna, mu da munka rasa ɗan'uwa mi za mu yi?" Wani mai ƙaton ciki da babbar mota ya zauna kusa da ni yana share ido da hula, ya ce, "Wallahi tsohonga zagina ya yi cikin takarda, kuma da ita anka ɗauke ni." Ban san ko haƙuri zan ba shi ko godiya zan yi masa ba, sai na ce masa Allah Ya ba da lada.

Duk wannan ana yi, yayanmu na zaune a damana. Shi ne ɗan fari. Duk sanda aka ambaci takarda sai ya sunkuyar da kai ya tsura wa babban yatsan ƙafarsa ido. A duk faɗin tabarmar nan, daga ɗalibai har 'ya'ya, shi kaɗai ne ya nemi takarda wurin Baba bai samu ba.

Akwai kuma abin da na gani ranar jana'iza. Kafin a ɗauki makara liman ya juyo ya ce duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa baki ɗaya, "Mun yahe." Ina kafaɗa da kafaɗa da Yaya. Leɓensa bai motsa ba.

Na zauna rubuta wannan ne don kada jikokin Baba su tashi ba su san ko wane ne kakansu ba. Amma gara in faɗa tun yanzu: ni ma da na tashi a gabansa, na kuma gaji aikinsa, ban gama sanin ko wane ne ba. Na ɗauka mutuwa na warware mutum, a taru a faɗi halinsa a tashi. Tasa ta ƙara dagula mini shi.

Abin da ba na shakka a kai shi ne teburinsa. Ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida yake ajiye shi bayan la'asar, ya ɗora tsohuwar tafiretarsa wadda wani harafi nata ke maƙalewa sai an sa farce an janyo shi. Da yatsu biyu yake bugawa, harshe a waje kaɗan, gilashi a kan karan hanci. Ko da shagunan masu kwamfuta suka cika gari bai yarda ya kai aikinsa can ba. Cewa yake yi yaran shagon na da wata takarda guda da suka adana, sai dai su canza suna, kowa ya fito haziƙi mai ladabi, har wanda ya taɓa marin malami.

Ba ya buga ko harafi ɗaya sai ya zaunar da mai nema. Zai tambaye ka abin da ka ci da safe, wa ke yi muku noma, wane darasi ka tsana. In ka ce ba ka tsani ko ɗaya ba sai ya ce ka tashi ka je ka dawo ranar da ka shirya faɗin gaskiya. Maganarsa kullum ita ce, "Sunanta shaida. Wanda dut ya sa hannu ga shaida, za a tashe shi ya maimaita ta." Mun ji wannan maganar har muna kwaikwayonsa a bayan ɗaki, da muryar hanci da komai.

Da wannan halin ya yi faɗa da wani ɗan kwangila a Shinkafi, faɗan da aka daɗe ana labarinsa. Mutumin ya aiko a rubuta wa ɗansa takarda. Baba ya rubuta cewa yaron na da kaifin ƙwaƙwalwa, kuma yana zuwa makaranta duk ranar da ba kasuwa. Uban ya zo har ofis yana tada jijiyar wuya, ya ce a cire rabin na biyu. Baba ya ce in an cire na biyu to na farkon ma zai bi shi, tare suka zo. Aka kai ƙara, aka yi wa Baba canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi, ya ce dama gyaɗar can ta fi daɗi. Yaron nan shi ne mai ƙaton cikin da ya zauna kusa da ni yana kuka.

Amma kada wani ya ɗauka mugunta ce. Ban taɓa jin ya rubuta takardar da ba alheri a cikinta ba. Ra'ayinsa shi ne ba ɗan da Allah Ya halitta ba tare da wani abin kirki guda ba, aikin malami ne ya nemo shi. In bai gano ba, ba ya rubutawa, kuma ba ya korar ka. Sai ya ce "To," ya ci gaba da nema. Akwai wani ɗan Fulani da ya sha wahalar Turanci, a aji ko an tambaye shi sunansa sai ya yi gumi. Baba ya rasa abin rubutawa, ya hau kekensa ya tafi har rugarsu. Ya wuni can, ya ga yadda yaron ya zauna da wata saniya marar lafiya yana lallaɓa ta har ta sha ruwa, bai ɗaga murya ba, bai ɗaga sanda ba. Ya dawo ya rubuta abin da ya gani, yadda ya gan shi. Yau mutumin malamin dabbobi ne. Shi ya kawo mana nonon da aka dama furar sadaka.

Ni tawa takardar ba ta ɗauke shi ko wuni ba. Ni ne na uku, ba wani nauyi tsakanina da shi, har tsokanarsa nake yi. Ya rubuta cewa ina da surutu, amma surutun na da kai da gindi, kuma ya dace a ba ni aji in yi ta yi a biya ni. Na yi fushi, na ce wannan ai tonon asiri ne. Ya ce in kai haka nan. Na kai, aka ɗauke ni, ga ni yau ina surutu a gaban allo.

To a nan ne kaina ke ɗaurewa. Mutumin da ya hau keke ya shiga daji don ɗan wani, me ya same shi a kan nasa?

Lokacin ina ƙarami, amma na tuna. Yaya ya gama sakandare a makarantar da Baba ke shugabanta, a wani ƙauyen Zurmi. Ya samo fom ɗin kwalejin horon malamai, fom ɗin ya ce sai da takardar shaida daga shugaban makaranta. Yaya bai iya tunkarar Baba da kansa ba. Tsakaninsu dama gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe, ido a ƙasa. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, "wancan" yake ce masa, in abin ya yi tsanani ya ce "kai". Don haka Yaya ya ba gwaggo fom, gwaggo ta kai. Baba ya karɓa ya ce, "To."

Aka yi mako, gwaggo ta tuna masa, ya ce "To." A cikin kwanakin nan ya rubuta wa abokan ajin Yaya ɗaya bayan ɗaya, Yaya na jin ƙarar tafireta daga ɗakin samari. Har aka rufe karɓar fom. Ba a yi faɗa ba, ba wanda ya ce wa wani komai. Da aka gama girbin gero Yaya ya ɗaure kayansa ya tafi Shinkafi wurin wani kawunmu mai sayar da hatsi, bai sake zancen boko ba. Allah Ya yi masa buɗi, yau shi ke loda motoci a kasuwa, shi ya sake wa Baba rufin gida, shi ya kai shi asibiti a ciwon ajali. Daga "wancan" sunansa ya koma "mutumen Shinkahi". In ya zo da salla sai ya durƙusa a bakin zaure, Baba ya dube ni ya ce, "Tambayi mutumen Shinkahi ko sun samu ruwa." Ni kuma in juya in tambayi mutumin da ke jin komai da kunnensa. Muna dariyar abin, ban taɓa lura cewa Yaya ba ya cikin masu dariyar ba.

A kwanakin zaman makoki na bi manya ɗaya-ɗaya ina tambaya, ina tsammanin zan samu amsa guda in kai wa Yaya. Sai na samo tuli.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ko tunani ba ta yi ba. "Kunya ta, mi kake nema bayan wannan? Ɗan hwari na. Mutumen da bai iya hwaɗin sunanai da baki, shi za ya zauna ya buga shi da ƙarhe, ya bi shi da yabo, ya sa hannu? Ai da sai ƙasa ta tsage ya shige."

Na ce to ai da sai ya ba mataimakinsa ya rubuta. Ta ce, "Ya ce mishi mi? Ka yaba min ɗana? Kai dai boko ya ɓata ka."

Na tafi wurin amininsa, wanda suka yi aiki tare tun suna samari. Ya girgiza kai ya ce gwaggo magana irin ta mata take yi. In ji shi, Baba tsoron shaida ya ji. Uba ba ya shaidar ɗansa, don ba ya iya rarrabe abin da ya gani da abin da yake so ya gani. Ya ce Baba ya gwammace ɗansa ya rasa kwaleji da a tashe shi ranar lahira a kan takardar son kai. Na ce to ni fa, ba ɗansa ba ne? Ya ce, "Kai daban." Na tambaye shi daban ta yaya, ya ce in miƙo masa buta.

Kawunmu na Shinkafi, wanda ya riƙe Yaya, nasa bayanin ya fi kowanne gajarta. Ya ce Baba ya san albashin malami, ya san ƙannen da ke tafe, ya ga gara babba ya kama sana'a ya tallafi gida. "Dabara ta," in ji shi, "kuma ta yi. Dubi rufin gidanga." Wannan ya fi yi mini ciwo, don in haka ne, da karatun Yaya aka sayi namu.

Malamin dabbobin nan da na tare shi a zaure, murmushi kawai ya yi. Ya ce su Fulani a wurinsu kunyar ɗan fari na da suna, kuma wanda bai da shi ba a ƙirga shi cikin mutane. Na ce ko da zai hana ɗanka karatu? Ya ce shi dai Malam alheri ya yi masa, ba zai iya cewa komai ba.

Kowa na faɗin nasa da tabbaci kamar Baba ya kira shi gefe ya gaya masa. Kuma kowanne in na saurara sai in ga Baba a ciki. Na dawo ɗaki na zauna na rasa wanne ne mahaifina: mai kunya, ko mai tsoron Allah, ko mai lissafi. Har na fara jin haushinsa, mutumin da ya cika duniya da bayani a kan 'ya'yan mutane ya tafi bai bar ko jimla ɗaya a kan wannan ba. Sai kuma in tuna yana kwance cikin ƙasa, in yi istigfari.

Mutum ɗaya da nake ganin ta sani ita ce Inna, mahaifiyarmu. Amma ita ma ɗan farinta ne, nata nauyin ya fi na Baba. Na shiga ɗakin takabarta washegarin addu'ar uku, na yi ta kewaye-kewaye, ta bar ni na gaji. Can ta ce, tana kallon carbinta, "An ce min wancan bai buɗe baki ba ranar da anka ɗauki Malam."

Na ce haka ne.

"Yau za ya koma?"

Na ce bayan azahar, kafin hanya ta yi shiru.

"Kak ka bari ya hau mota da abinga cikin cikinai. Malam na can shina jira."

Na ce, "Inna, to ki gaya min mi ya hana Baba, in samu abin hwaɗa mishi." Ta ja carbi ta ja, ta ce ita Malam bai taɓa yi mata zancen ba, ita kuma ba ta taɓa tambaya ba. Shekara da shekaru a ɗaki ɗaya. Na fito ina jin kamar in kama kaina da hannu biyu.

Na sami Yaya a zaure shi kaɗai yana ɗaure bakin jaka. Na zauna. Ni da ake ce wa mai surutu na rasa ta inda zan fara, sai shi ya rage mini aiki.

"Inna ta aiko ka."

Na ce eh.

Ya saki igiyar jakar. "Ni ba gaba nike da tsoho ba. Kwalejin ma na manta da ita, mi za ta ba ni wanda Allah bai ba ni ba? Amma kai ka san yadda shike aikinai. In ya ce ma mutum to, nema shikai. Na Hilani ya samu, na ɗan kwangila ya samu, kai da surutunka ya samu. Ni ya nema har anka ruhe, bai samu ko guda ba." Ya dube ni ido cikin ido, abin da ba ya yi. "Kai ka zauna da shi har ƙarshe. Ka hwaɗa min tsakaninka da Allah. Ya taɓa cewa wani abu a kaina?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, mai kyau, a shirye. In ce ranar kaza a asibiti ya riƙe hannuna ya ce kaza. Da ya yarda, da ya yafe, da Inna ta yi barci. Amma ɗan mutumin nan ne ni, kuma shaida aka nema a wurina. Na ce, "Bai taɓa ba, Yaya. Ko sau ɗaya."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da dama ya sani. Ya ci gaba da ɗaure jakarsa. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata, na kashe maganar da hannuna.

Muna haka sai ga 'yarsa ta fari ta leƙo daga cikin gida da fom a hannu. Ta gama sakandare, tana neman makarantar koyon aikin ungozoma, kuma ana son takardar malamin da ya san ta. Makarantarsu ta daɗe a rufe, malaman sun watse. Baba ne ke koya mata in ta zo hutu, yana ce mata amaryarsa, tana ce masa tsoho mai ran ƙarfe, kuma shi ya yi alkawarin rubuta mata. Ta durƙusa nesa da ubanta, ta miƙo mini fom ɗin ta ce, "Baba ƙarami, tunda angona ya gudu, kai za ka rubuta. Jibi za a ruhe." Ta koma ciki da sauri.

Na juya fom ɗin. Na koya mata lissafi a hutu, na san tana da ƙoƙari, amma iyakar abin da na sani ke nan, a Shinkafi ta tashi. Ba da wata dabara na yi maganar ba, wallahi, neman mafita kawai nake. Na ce, "Yaya, ni ban san halinta ba, kuma ba ni rubuta abin da ban sani ba. Kai ka zauna da ita. Hwaɗa min, in rubuta."

Ya ce, "Tambayi uwatta."

Na ce uwarta na cikin mata, kuma ita ma 'yar farinta ce. Na ciro biro na ɗora takarda a gwiwa. "Hwara da cikakken sunanta, yadda shike ga takardun makaranta."

Ya buɗe baki ya rufe. Ya ce, "Ai ka san sunan."

"To halinta."

"Yarinyar dai..." Ya tsaya. Ya gyara hula. "Waccan ɗin dai, ba ta..." Ya sake tsayawa. Mutumin da ke tsayawa tsakiyar kasuwar Shinkafi ya yi ciniki da direbobi goma a lokaci guda, sai ga gumi na bin wuyansa. Na ga maganar na taso masa, na ga maƙogwaronsa na motsi, tana isowa baki sai ta koma. Ya dubi ƙofar da yarinyar ta bi, ya kau da kai da sauri kamar an kama shi da laifi. Ni dai ina riƙe da biro.

Sai na ji ya yi wata irin dariya gajera, wadda ba ta dariya ba, ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suka fara rawa. Tun da aka yi rasuwar ban ga hawayensa ba sai a lokacin.

"Akwai shi," in ji shi daga bayan hannun. "Wallahi akwai shi, cike da ciki. Kwanan baya da uwatta ba lahiya ita ta riƙe gidan dut. Hitowa na ba ya yi." Ya share fuska da hannun riga. "Ashe mutum na iya cika da abu ya kasa aza shi ga takarda."

Na rubuta maganar riƙon gidan kafin ta ɓace.

Ba zan ce abin da ya kama Yaya a zauren nan shi ne abin da ya kama Baba a gaban tafireta ba. Mai yiwuwa gwaggo ce ke da gaskiya, mai yiwuwa amininsa, mai yiwuwa kawu, mai yiwuwa dukansu. Wanda ya sani ya tafi da saninsa, kuma har yau in na tuna sai in ji kaina ya ɗaure kamar ranar farko. Ban kuma yafe wa al'adar da ta sa mutum biyu masu son juna suka yi shekaru suna tambayar ruwan sama ta bakina ba. Abin da na gani da idona kawai zan iya shaida.

Yaya ya miƙe ya bar jakar a zaure. Ya ratsa tsakar gida, ya wuce teburin da ke jingine a gindin dalbejiya, mata suna janye ƙafafu suna ba shi hanya. Ya durƙusa a bakin ƙofar Inna, bai ɗaga labule ba. Gwaggo na ciki tare da ita. Ya yi gyaran murya, ya ce da ƙarfin da duk gidan ya ji, "Inna, na yahe ma Baba. Duniya da lahira. Ni ma a roƙa min shi."

Ina tsaye a bayansa ina jira in ji me uwa za ta ce wa ɗanta a rana irin wannan. Sai muka ji muryarta, ba da shi take ba, da gwaggo take.

"Ki ce ma wancan ya ci tuwo kahin ya hau hanya."

Ya zauna nan bakin ƙofar ya ci, ya cinye. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata masa makwanci, Ya karɓi shaidar da bayinsa suka yi masa.